Amurka a Yaƙin Hitila: Fagen Daga, Masana'anta da Katin Sukari

Habu: Assalamu alaikum, masu sauraronmu, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da muka saki shirin da ya gabata a kan kakanninmu da aka kwasa zuwa yaƙi a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, saƙonni ba su daina shigowa ba, kuma abin mamaki shi ne yawancinsu ba a kan Bama suke ba. Gardama ce ta ɓarke tsakanin masu cewa Amurka ce ta ci Yaƙin Duniya na Biyu da masu cewa Rasha ce ta ci, Amurka kuwa daga baya ta shigo ta ɗauki suna. Saboda haka yau, ni da Malam Sule da Hajiya Ladi, mun tsara za mu bi sojojin Amurka tun daga harin da Japan ta kai wa sansanin jiragen ruwan Amurka na Pearl Harbor har zuwa bam ɗin atom da aka jefa wa birnin Hiroshima, mu kuma leƙa mu ga yadda waɗanda aka bari a gida suka rayu. Malam, na jero wuraren da aka gwabza a takarda, zan fara karantowa.

Malam Sule: Dakata da takardar nan tukuna, Habu, domin idan muka fara da jerin gwabzawa za mu faɗa cikin ramin da masu gardamar suka faɗa. Idan jini ake ƙirgawa, babu abin yin musu. Tarayyar Sobiyet, wato Rasha da ƙasashen da ke haɗe da ita a lokacin, ta rasa mutane kimanin miliyan 27, soja da farar hula, Amurka kuwa daga cikin mutum miliyan 16 da suka sa kaki ta rasa sama da 400,000 kaɗan, kuma mafi yawan sojojin Jamus da suka mutu a fagen gabas suka mutu. To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, motar da ta kai wa sojan Rasha harsashi da abinci sa'ad da yake korar Jamusawa zuwa yamma, a ina aka ƙera ta? A ƙarƙashin dokar ba da aron kayan yaƙi da shugaban Amurka Roosevelt ya sa wa hannu a watan Maris na 1941, Amurka ta aika wa Sobiyet motoci fiye da 400,000, manya da ƙanana. Ni abin da nake riƙe da shi shi ne, yaƙin Amurka yaƙin kaya ne, kuma maƙeri da direba da mai walda sun yi shi kamar yadda mai bindiga ya yi shi.

Hajiya Ladi: Ka ji, Habu, tun ba a je ko'ina ba Malam ya yanke hukunci.

Malam Sule: Ba hukunci na yanke ba, Hajiya, hujja zan kawo. A watan Fabrairu na 1942, wata biyu kacal bayan harin Pearl Harbor, aka dakatar da ƙera motocin hawa na jama'a a faɗin ƙasar, kuma ba a koma ba sai da yaƙi ya zo ƙarshe. Kamfanin Ford ya gina wata gagarumar masana'anta a Willow Run, kusa da Detroit, domin ƙera jirgin jefa bama-bamai samfurin B-24. Da farko abin ya ƙi tafiya, har jaridu suka riƙa yi musu ba'a, amma zuwa 1944 kusan kowace awa jirgi guda yake fitowa daga ƙofar masana'antar. A wannan shekara kaɗai Amurka ta ƙera jiragen sama kimanin 96,000, adadin da ya zarce na Jamus da na Japan idan an haɗa su. A ɓangaren ruwa kuma akwai jiragen dakon kaya da ake kira Liberty, waɗanda aka ƙera guda 2,710. Henry Kaiser, wanda asalinsa ɗan kwangilar hanyoyi da madatsun ruwa ne, shi ya yi fice wajen haɗa jirgi gunduwa-gunduwa, a ƙera kowane ɓangare a gefe, sannan a ɗauko da ƙugiya a liƙa da walda. A watan Nuwamba na 1942, a Richmond ta jihar Kalifoniya, ma'aikatansa suka haɗa jirgi guda cikin kwana huɗu da 'yan awoyi. Wannan dai don nuna bajinta aka yi shi, amma ko a aikin yau da kullum abin da ke cin wata takwas ya dawo kwana arba'in da 'yan kai. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da su a Tekun Atlantika, ana ƙera wasu da saurin da ya fi na nutsarwar.

Habu: Na yarda da wannan, Malam, amma masana'anta ba ta harbi. A Midway, wani ɗan tsibiri a Tekun Fasifik, cikin watan Yuni na 1942, jiragen ruwan Japan sun fi na Amurka yawa, kuma duk da haka matuƙan Amurka suka nutsar da manyan jiragen ruwan Japan masu ɗauke da jiragen sama har guda huɗu. Wannan ai jarumta ce da dabara, tun da sun riga sun warware rubutun sirri na rundunar ruwan Japan. Har tarko suka ɗana, suka sa sansanin Midway ya aika saƙon ƙarya a fili cewa injin tace ruwansu ya lalace, ba da jimawa ba sai ga Japanawa suna sanar da junansu cewa wurin da za su kai wa hari yana fama da ƙarancin ruwan sha.

Malam Sule: Madalla da ka kawo Midway, domin hujjata ce ka kawo. Ɗaya daga cikin jiragen ruwan Amurka uku masu ɗauke da jiragen sama da suka yi wannan gwabzawa, wato Yorktown, ya dawo Pearl Harbor ne da mummunan rauni daga faɗan Tekun Coral, kuma an ƙiyasta gyaransa zai ci watanni. Ma'aikata kimanin 1,400 suka hau shi dare da rana, cikin kwana uku suka mayar da shi teku. Da babu masu waldar nan, da jiragen biyu ne za su tunkari huɗu. Sannan ka dubi abin da ya biyo baya. Japan ba ta taɓa iya cike giɓin ƙwararrun da ta yi ta rasawa ba, Amurka kuwa a wata ma'aikatar Kaiser guda ɗaya aka ƙera ƙananan jirage masu ɗauke da jiragen sama guda 50 cikin ƙasa da shekara biyu. Kuma kada ka ɗauka sojan Amurka ya shigo yaƙin nan da gwaninta. Sun sauka Maroko da Aljeriya ranar 8 ga Nuwamba, 1942, amma haɗuwarsu ta farko ta sosai da Jamusawa, a mashigin Kasserine na ƙasar Tunisiya cikin Fabrairu na 1943, kashi suka sha a hannun kwamandan Jamus Rommel, suka gudu suka bar tankoki da igwa. Abin da ya bambanta su da sauran shi ne suna da halin da za su sauya kwamanda, su cike tankokin da suka rasa cikin makonni, su dawo. Zuwa watan Mayu sojojin Jamus da Italiya kusan 250,000 suka miƙa wuya a Tunisiya.

Hajiya Ladi: Tun da ka shigo Afirka, Malam, ka faɗi batun Kano, domin da yawa daga cikin masu sauraronmu ba su san cewa kayan nan da kake ta lissafawa sun bi ta saman gidajen kakanninsu ba.

Malam Sule: Ƙwarai kuwa. Sa'ad da Bahar Rum ta zama wurin haɗari, Birtaniya ta buɗe hanyar sama tun 1940. Ana kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a haɗa su, sannan su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi su shiga Sudan zuwa Kartum, su gangara Alƙahira. Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun watan Agusta na 1940, alhali kuwa Nijar tana hannun gwamnatin Faransa ta Vichy mai biyayya ga Jamus har zuwa ƙarshen 1942. Wato jirgin da ya kauce hanya ya yi arewa da Kano ya shiga ƙasar da ba ta abokai ba. A 1941, tun kafin Amurka ta shiga yaƙin, Roosevelt ya ba kamfanin Pan American aikin gyara filayen saukar da kai jirage, daga baya sojan saman Amurka ya karɓa. Jirgi zai taso daga Florida, ya sauka Natal a Burazil, ya ƙetare teku ta tsibirin Ascension zuwa Akra, ya sha mai a Kano ko Maiduguri, ya wuce Masar, wasu har Indiya da Sin. Kuma a can Bama, bataliyoyin Najeriya da aka shigar da su bayan layin Japanawa a 1944 tare da rundunar janar ɗin Birtaniya Wingate, matuƙan Amurka na cikin waɗanda ke jefa musu abinci daga sama suna kwashe masu rauni.

Hajiya Ladi: To yanzu bari in karɓa, domin ka yi ta maganar kaya kamar daga sama suka faɗo. Kowane abu da ya tafi fagen daga, daga hannun wani aka cire shi. Abu na farko da aka sa wa ƙa'idar rabo a Amurka ba abinci ba ne, taya ce, cikin Janairu na 1942, saboda Japan ta afka wa Malaya da tsibiran da yanzu ake kira Indunusiya, inda kusan dukkan robar da Amurka ke amfani da ita take fitowa. Faɗuwar Malayan nan ce kuma ta sa Turawan mulki suka ƙaƙaba wa mutanenmu aikin tilas a ramukan kuza na Jos. Daga taya aka koma kan fetur, ba don man ya yi ƙaranci a ko'ina ba, sai don a rage tafiya tayoyi su daɗe. Mai motar da aka ba shi alamar A a gilashi galan 3 zuwa 4 yake samu a mako, kuma an hana gudun da ya wuce mil 35 a awa. Sukari ya shiga kati a watan Mayu na 1942, gahawa a Nuwamba, takalmi a Fabrairu na 1943, nama da man shanu da cuku a Maris. Uwargida za ta je kanti da kuɗinta a hannu guda, littafin kan sarki na rabo a ɗaya hannun, ja na nama ne, shuɗi na abincin gwangwani, kuma ko kuɗinta sun kai nawa, idan kan sarkin ya ƙare sai haƙuri ko kasuwar bayan fage, wadda ita ma ta ci kasuwa sosai, musamman a nama da fetur. Har kitsen da ya rage a kasko ba a zubarwa. Ana tace shi a gwangwani a kai wa mahauci ya saya, a tura shi inda ake fitar da sinadarin haɗa nakiya.

Habu: Anti, ki ba su labarin burodin nan, don Allah, wanda kika ba mu kafin mu kunna na'ura.

Hajiya Ladi: Habu ba zai bar maganar burodin nan ba. To, ranar 18 ga Janairu, 1943, gwamnatin Amurka ta haramta sayar da yankakken burodi. Dalilin da aka bayar shi ne burodin da aka yanka yana saurin bushewa, saboda haka yana buƙatar takardar naɗi mai kauri, kuma ana son a riƙe farashinsa kada ya tashi. Mutanen da suka haƙura da rashin sabuwar mota da ƙarancin nama, a kan wannan suka tayar da jijiyar wuya. Matan aure suka yi ta rubuta wa jaridu cewa da safe ga miji zai tafi masana'anta, ga yara za su tafi makaranta, ga su tsaye suna yankan burodi a karkace, wasu ma ba su da wuƙar, domin an shekara goma sha ana sayar musu da shi a yanke.

Habu: Wato ƙasar da ke haɗa jirgin ruwa cikin kwana huɗu ta kasa yanka burodi da wuƙa. Da sun aiko an ɗaukar musu mai shayi guda daga bakin tasha, wanda ke riƙe burodi a tafin hannu ya tsaga shi biyu yana hira bai ko duba ba, da an rufe maganar cikin mako guda.

Malam Sule: Kada ka raina su, Habu, domin yankan burodi mai laushi daidai wa daida ba ƙaramin aiki ba ne, musamman idan wuƙar ba ta da haƙora. Kuma ka lura da cewa ƙarfen da za a ƙera sababbin wuƙaƙe da shi ya tafi ƙera tankokin yaƙi.

Habu: Ashe ke nan dokar da aka kafa don tattali ta jawo neman ƙarfe.

Hajiya Ladi: Shi ya sa ba ta yi ƙarko ba. Ranar 8 ga Maris aka janye ta, bayan ƙasa da wata biyu, jami'an suka ce tattalin da aka samu bai kai yadda aka zata ba.

Habu: Ni dai ina son in san wanda ya zauna a ofis ya kawo wannan shawara, da kuma abin da matarsa ta ce masa ranar da ya koma gida.

Malam Sule: Sakataren aikin gona, Claude Wickard, shi ne dokar ta fito ta hannunsa. Abin da matarsa ta ce kuwa, sai dai ka tambaye ta.

Hajiya Ladi: Mu bar burodi haka nan, domin akwai abin da ya fi shi. Gaskiyar magana ita ce, duk da katin rabon nan, yawancin Amurkawa sun fi samun abin hannu a lokacin yaƙin fiye da shekarun da suka gabace shi. A 1940 rashin aikin yi ya haura kashi 14 cikin 100, a 1944 ya dawo kashi 1 da ɗoriya. Babu birninsu ko ɗaya da aka rusa, alhali Landan da Leningrad da Hamburg suna cin wuta. An shuka lambunan gida kimanin miliyan 20, a bayan gida da filayen makaranta, har suka riƙa samar da kusan kashi 40 cikin 100 na ɗanyen kayan lambu da ake ci. Kuɗi sun yi yawa a aljihu, abin saya ya yi kaɗan, sai gwamnati ta janye su ta hanyar takardun lamuni na yaƙi, waɗanda mutum miliyan 85 suka saya, kuma a 1943 aka fara cire haraji kai tsaye daga albashi. Mata masu aikin albashi sun tashi daga kimanin miliyan 12 zuwa kusan miliyan 19, kuma da yawa daga cikinsu ba sabon shiga aiki ba ne, masu wanki da aikatau da jiran kanti ne da suka samu damar koyon walda da ɗaurin ƙusa a jikin jirgi, a kan albashin da ba su taɓa gani ba, ko da yake bai kai na maza ba. Da yaƙi ya ƙare kuwa, su aka fara sallama.

Malam Sule: Wannan ya dawo da mu kan direbobi, kuma a nan nake son Habu ya buɗe kunne, domin na san Nomandi yake jira, wato gaɓar Faransa da sojojin ƙawance suka sauka. Bayan an fasa layin Jamusawa a can a ƙarshen Yuli na 1944, rundunonin Amurka suka yi gaba da gudun da ya wuce lissafi, layin dogon Faransa kuwa jiragen ƙawance da kansu sun riga sun ragargaza shi. Zuwa ƙarshen Agusta tankokin Janar Patton suka tsaya cik, ba don abokan gaba sun tare su ba, sai don fetur ya ƙare. Abin da ya riƙe rundunar shi ne ayarin manyan motoci da aka sa wa suna Red Ball Express, kimanin motoci 6,000, a kan hanyoyi biyu da aka hana kowa bi, ɗaya ta zuwa ɗaya ta dawowa, dare da rana daga 25 ga Agusta har tsakiyar Nuwamba. Sun kai kaya sama da tan 400,000. Direba zai yi tuƙi har barci ya kwashe shi a kan sitiyari, da dare kuma fitilar a rufe take sai ɗan siririn haske. Kashi uku cikin huɗu na waɗannan direbobi baƙaƙen fata ne, kuma dalilin da ya sa aka tara su a wannan aiki shi ne rundunar ta wancan zamani ba ta yarda da su a sahun gaba ba sai kaɗan, ta fi tura su dako da girki da tuƙi.

Hajiya Ladi: Kuma ka faɗi yadda aka saka musu, Malam. Baƙaƙen fata fiye da miliyan guda sun sa kaki, a rundunoni na dabam, barikoki na dabam, har jinin da suka bayar gudummawa ƙungiyar Red Cross ta Amurka ware shi take yi daga na farare. A 1944 wani kofur baƙar fata ya rubuta wa mujallar sojoji ta Yank cewa a wata tashar jirgin ƙasa a jihar Louisiana an tura shi da abokansa su ci abinci a kicin, suna hangen fursunonin yaƙi Jamusawa an zaunar da su a ɗakin cin abinci ana hidima da su. A Detroit ɗin nan da Malam ke yabo, rikicin ƙabilanci na watan Yuni na 1943 ya ci rai 34, 25 daga ciki baƙaƙe ne. A Port Chicago ta Kalifoniya kuma, ranar 17 ga Yuli, 1944, albarusan da ake lodawa a jirgi suka tashi, mutum 320 suka hallaka, 202 daga ciki baƙaƙen sojan ruwa ne da aka sa su aikin ba tare da horon kirki ba, hafsoshi farare suna gasar wanda rukuninsa zai fi saurin lodi. Waɗanda suka tsira suka ce ba za su koma ba sai an gyara tsarin, sai kotun soja ta ɗaure mutum 50 bisa laifin bore, kuma ba a wanke su ba sai a 2024. Ba a banza jaridar baƙaƙen fata ta Pittsburgh Courier ta ɗaga taken nasara biyu ba tun 1942, wato nasara a kan Hitila a waje da nasara a kan wariya a gida. Sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a cikin soja.

Habu: Akwai kuma 'yan asalin Japan.

Hajiya Ladi: Wannan ya ma fi muni a wajena, domin da sa hannun shugaban ƙasa aka yi shi. Ranar 19 ga Fabrairu, 1942, Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, aka kwashe mutane kimanin 120,000 daga gaɓar yamma, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne haifaffun Amurka. An ba su 'yan kwanaki su tattara abin da hannu zai iya ɗauka, suka sayar da gonaki da kantuna a wulaƙance, aka zuba su a sansanoni goma cikin hamada da fadama, an kewaye su da waya mai ƙaya. Kotun ƙoli ta goyi bayan gwamnati a 1944. Daga cikin sansanonin nan ne kuma aka ɗebi samari suka shiga runduna ta 442, wadda ta yi faɗa a Italiya da Faransa ta kuma tara lambobin yabo fiye da kowace runduna mai girmanta, iyayensu suna tsare. Sai a 1988 gwamnati ta nemi afuwa, ta amince za ta biya kowane mai rai a cikinsu dala 20,000.

Habu: To Malam, ko yanzu zan samu in taɓa Nomandi?

Malam Sule: Taɓa, amma zan ƙara maka da cewa ƙananan kwale-kwalen da suka sauke su a gaɓa a New Orleans aka ƙera su, a ma'aikatar Andrew Higgins.

Habu: Na san sai ka sako maƙeri. Ranar 6 ga Yuni, 1944, sojojin ƙawance kimanin 156,000 suka sauka, 73,000 daga ciki Amurkawa ne, wasu ta laima cikin dare, wasu ta gaɓar da aka sa wa suna Utah da Omaha. A Omaha bama-baman da aka jefa tun farko sun wuce inda Jamusawa suke, tankokin da aka ƙera don su yi iyo da yawansu suka nutse, saboda haka da ƙofar kwale-kwale ta buɗe sai harsashi. Akwai wani ƙaramin gari a jihar Virginia, Bedford, mai mutane 3,000 da 'yan kai, wanda samarinsa suke rukuni guda tun daga gida kuma suna cikin sahun farko. Mutum 19 daga cikinsu suka mutu a wannan rana.

Hajiya Ladi: Kuma garin bai sani ba sai bayan mako shida. A tsakiyar Yuli, wata budurwa mai kula da injin tangaraho a wani kantin magani na garin ta kunna injin da safe, saƙo ya fara fitowa daga ma'aikatar yaƙi, ya ƙare, wani ya biyo, wani ya sake biyowa, duk sunayen mutanen da ta sani. Sai da aka nemi waɗanda ke kusa su taimaka wajen kai wa iyalai. A lokacin kowane gida mai ɗa a soja yana rataye ƙyalle mai shuɗin tauraro a taga, idan ɗan ya mutu a sauya shi da mai ruwan zinariya, saboda haka mai wucewa a titi yana iya karanta halin da kowane gida ke ciki.

Habu: Mai kula da na'ura yana ta ɗaga mini hannu, lokaci ya tafi, kuma ba mu taɓa faɗan dajin Ardennes na ƙasar Beljiyam a Disamba 1944 ba, inda Amurkawa kimanin 19,000 suka mutu, ballantana sauran Tekun Fasifik.

Malam Sule: Bari in haɗa shi a gurguje. Daga tsibirin Guadalcanal a 1942 suka riƙa tsallake tsibiri suna kama tsibiri, har Iwo Jima a Fabrairu na 1945, inda kusan Amurkawa 7,000 suka mutu a kan ɗan tsibirin da mutum zai ratsa da ƙafa cikin yini guda, sai Okinawa daga Afrilu zuwa Yuni, inda suka rasa fiye da 12,000, farar hular tsibirin kuwa abin ba a cewa komai. A daren 9 ga Maris jiragen B-29 suka ƙone Tokyo, mutane kimanin 100,000 suka mutu. Kuma shirin ƙera jirgin B-29 ya fi shirin bam ɗin atom cin kuɗi, wanda shi ma a Oak Ridge ta jihar Tennessee 'yan mata ne da suka gama sakandare suke zaune suna murɗa maɓallan injin tace yuraniyom ba tare da an gaya musu abin da suke haɗawa ba. Daga nan sai 6 ga Agusta, ranar da aka jefa bam ɗin a Hiroshima.

Hajiya Ladi: A'a, Malam, ban yarda a cusa Hiroshima da Nagasaki cikin minti guda ba. Ko dai a ba su shiri na kansu, ko a bar su.

Malam Sule: Ai jimla biyu kawai zan yi, Hajiya.

Hajiya Ladi: Jimlarka biyu na san tsawonsu. Habu, rufe mana.

Habu: To masu sauraro, kun ji yadda aka yi. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, za mu ɗora daga watan Agusta na 1945. Ku ci gaba da aiko da saƙonninku, musamman duk wanda ya taɓa jin labarin filin jirgin Kano ko na Maiduguri a zamanin yaƙin daga bakin wani dattijo. Mu kwana lafiya.